Lissafin da aka kore ni da shi

Takardar sallamata ba ta cika shafi ɗaya ba. Shekara bakwai ina riƙe da lissafin albashin ma'aikata a wannan kamfani, ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mini da aiki an ce na yi kuskure ba, amma layi shida suka ishe su su raba ni da abin da nake ci da kaina. Dalilin da aka rubuta: "yawan rashin zuwa aiki". Babu inda aka ambaci sikila, babu inda aka ambaci asibiti. Wanda ya karanta takardar nan sai ya ɗauka barci nake yi a gida.

Da sikila aka haife ni, kuma sun sani tun ranar da suka ɗauke ni, don da hannuna na rubuta a fom. Ga wanda bai san ciwon ba: ƙwayoyin jinin ne ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya ɗauki ciwo kamar ana sara da gatari. Ba ya sallama kafin ya zo. Sanyi na tayar da shi, ƙarancin ruwa a jiki na tayar da shi, haka gajiya da zazzaɓi. Wani lokaci kwana ɗaya ne da ƙarin ruwa da allurar kashe zafi, washegari na miƙe. Wani lokaci kwana uku. A bara sau 9 ya kwantar da ni, jimilla kwana 14, kowanne da takardar likita a fayil ɗina.

Ranar da aka kira ni, shugaban sashen kula da ma'aikata ya juyo mini da kwamfutarsa. Ga sunana, ga wata lamba da jan launi a gabansa: 1,134.

Na ce, "Yallabai, wannan fa?"

Ya ce, "Makinki ne, Malama. Ba ni na yi ba, tsari ne."

Sai da na koma gida na bincika na gane tsarin. Ma'aunin Bradford ake ce masa, kamfanoni da yawa na amfani da shi. Ana ɗaukar yawan lokutan da mutum ya yi fashin aiki a ninka shi da kansa, sannan a ninka da yawan kwanakin. Nawa 9 sau 9 sau 14, shi ya ba da 1,134. Abokin aikina da ya karye a ƙafa wajen ƙwallo ya kwanta kwana 14 a jere, nasa 1 sau 1 sau 14 ne, wato 14 kacal. Kwanakinmu ɗaya, amma shi lafiyayyen ma'aikaci ne a idon na'ura, ni kuwa annoba. An ƙirƙiri lissafin ne don a kama masu ƙaryar ciwon kai ranar Litinin, sai ga shi ya fi kama mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, mai zuwa wankin ƙoda, duk wanda ciwonsa ke zuwa ya tafi ya dawo. Ni ma'aikaciyar lissafi ce, na san lamba ba ta yin ƙarya, amma na san wanda ya zaɓi abin da za a ninka shi ne ya riga ya yanke hukunci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na'urar sanyaya ɗaki. Teburina yana ƙarƙashinta daidai, iskar na sauka a kafaɗata daga safe har yamma. Sau uku na rubuta ina roƙon a matsar da ni kusa da taga. Na farko aka ce za a duba. Na biyu aka ce tsarin zaman ofis ba ya canzuwa saboda mutum ɗaya. Na uku ko amsa ban samu ba. Na riƙa zuwa da rigar sanyi da mayafi biyu, ana yi mini dariya. Na kuma nemi a bar ni na yi aiki daga gida a ranar da na fara jin alamar ciwon, tunda aikina duk a kwamfuta yake. Aka ce in an yi mini, kowa zai nema. To kowa ne ke da sikila?

Bayan takardar gargaɗi ta farko na yi wautar da har yau nake jin haushin kaina a kanta. Na ji ciwon ya fara a ƙugu, na ce ba zan ƙara musu lamba ba. Na haɗiyi magani, na cusa robar ruwan zafi a bayana, na zauna ina buga albashin mutane hannuna na rawa. Kafin la'asar aka kwashe ni. Abin da kwana ɗaya zai warkar ya zama kwana huɗu a gadon asibiti. Irin ma'aikacin da tsarin nan ke so ke nan, wanda zai lallaɓo da ciwo ya faɗi a ofis.

Da na ambaci haƙƙin masu naƙasa a zaman ƙarshe, wata daga cikinsu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haba ke kuwa, ai ba ki yi kama da mai naƙasa ba." Wai yabo ne. A wurinta in babu keken guragu ko sanda, babu naƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani, kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kuma da yawansu ba za ka gane su da ido ba.

Kuma abin da na nema ba alfarma ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta ce a sashe na 27 kada a nuna wa mai naƙasa bambanci wajen ɗauka aiki da ci gaba da zama a bakin aiki, kuma a yi masa gyaran da ya dace a wurin aiki. Sashe na 2 ya ƙara da cewa ƙin yin wannan gyara shi kansa nuna bambanci ne. Tun a 1982 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta rubuta a yarjejeniyarta mai lamba 158 cewa rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba hujjar kora ba ce, ko da yake ƙasashen da suka rattaba mata hannu ba su da yawa. Amurka ta yi dokarta ta masu naƙasa a 1990, Birtaniya ta yi dokar daidaito a 2010. A Sifaniya har doka ce ta taɓa ba kamfani damar korar mutum saboda fashin aiki jefi-jefi ko da da takardar likita. A 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce ba za a yi amfani da irin wannan doka kan wanda naƙasarsa ce ta jawo fashin ba sai da ƙwaƙƙwarar hujja, a 2020 kuma ƙasar ta soke sashen gaba ɗaya.

Ban ce kamfani gidan marayu ne ba. Dokokin ma ba su ce a riƙe mutum har abada ko da ba zai iya aikin ba, kuma sun ce gyaran kada ya zama nauyin da ya fi ƙarfin mai aiki. Na yarda. Amma a gaya mini nauyin da ke cikin jan tebur taku biyar. A gaya mini wahalar da ke cikin ware kwanakin ciwon da aka san da shi daga cikin lissafin nan. Ko sau ɗaya ba wanda ya zaunar da ni ya ce, "Me za mu canza don ki samu sauƙi?" Ba su nemi jin ta bakin likitana ba. Albashi kuwa bai taɓa makara ba a shekara bakwai, don in na dawo har dare nake kaiwa ina cike giɓin, kuma wannan daren ba wanda ya ninka shi da komai.

Na ɗaukaka ƙara ta hannun ƙungiyar ma'aikata. Na haɗa takardun likita tara, da saƙonnin nan uku na batun tebur da kwanan watansu, da takardar yabon da su da kansu suka ba ni shekara biyu da suka wuce. Wakilin ƙungiyar ya ce na yi sa'a da na roƙe su a rubuce, don da da baki ne da tuni sun ce ba a yi ba.

Shekaranjiya wata tsohuwar abokiyar aikina ta kira ni gaisuwa. Ta ce wanda aka ɗauka a gurbina ya yi ƙorafin sanyi tun makon farko, an matsar masa da teburin kusa da taga.