Kada a zubar da ƙullutun da aka cire daga mama

'Yan'uwa mata, da mazan da ke raka su asibiti, akwai wani kuskure da ke cin rayuka ba tare da an lura ba. Sai a yi wa mace aiki a cire mata ƙullutu daga mama, a nuna wa dangi naman a kwano, a ce Alhamdu lillahi an rabu da shi, sannan a binne ko a zubar ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Bayan 'yan watanni sai abin ya sake tsirowa a bakin ɗinkin, ko kaluluwa ta fito a hamata, kuma babu wanda ya san abin da aka cire tun farko.

Yawancin ƙullutun mama ba ciwon daji ba ne, musamman a jikin 'yan mata. Amma hannun likita, komai ƙwarewarsa, ba ya iya tabbatar da hakan. Shi ya sa ake bin matakai uku: likita ya duba mama biyun da hamata da saman ƙashin wuya, a ɗauki hoto, sannan a ɗebi nama a duba. Mace mai ƙarancin shekaru sikanin ya fi mata amfani, domin naman mamanta a cunkushe yake, hoton mamogiram, wato hoton X-ray na mama, ba ya ratsa shi da kyau. Daga shekara 40 zuwa sama mamogiram ake sa wa gaba.

Mataki na uku ne mutanenmu ke gudu, saboda maganar nan da ta yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta jefa mata da yawa cikin halaka. Ga yadda ake ɗibar naman: ana kashe wurin da allura, a shigar da wata allura mai rami a tsinko 'yan siraran nama, a rufe da filasta, mace ta koma gida a ranar. Allurar ba ita ke yaɗa cutar ba. Daji yana bin hanyoyin ruwan jiki zuwa hamata, yana bin jini zuwa ƙashi, huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, kuma jinkiri ne ke ba shi wannan dama. Sakiya da tsagar wanzami kuwa miki kawai suke buɗewa.

Naman da aka ɗebo yana da ƙa'ida. A sa shi cikin ruwan fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kafin awa ɗaya ta cika, ruwan ya ninka girman naman kamar sau 10, a rubuta suna da gefen da aka ɗebo, dama ko hagu. Idan aka bar shi ya bushe, ko aka zuba shi a ruwan gishiri, ƙwayoyinsa na lalacewa. Gwajin da ake kira ER da PR da HER2, wanda ke tantance nau'in dajin, yana son naman ya zauna a fomalin tsakanin awa 6 zuwa 72. Gwajin nan shi ke nuna ko ƙwayar Tamoxifen, wani maganin dajin mama, za ta yi wa mace aiki, ko kuwa wani magani dabam take buƙata. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen da ke duba nama, kuma ana iya aika musu daga wani gari.

Masu shayarwa su kula sosai. Mama ya kumbura ya yi ja, an ce ciwon nono ne, an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba? A koma asibiti a nemi hoto. Haka kuma idan fata ta zama kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita daga kan mama ɗaya. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ce, domin ƙullutun daji sau da yawa ba ya ciwo da farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da aka kammala gano cutar. Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar aikin matarka ko mahaifiyarka, tambayi likita ina za a kai naman, da ranar da za a karɓi sakamako. Idan ya fito, a karɓi takardar a hannu, a yi mata kwafi, a riƙa zuwa da ita duk asibitin da aka tura ku.