Injin da ya kasa gyatsa

Tsohuwar motata ta ɓullo da sabon hali: duk sanda na buɗe bonet sai in tarar sandar awon baƙin mai ta ɗago kai daga raminta. In danna ta, gobe ta sake leƙowa. Ga mai yana tsattsafowa ta gefen murfin saman inji, matatar iska kuma ta jiƙe sharkaf. Maƙwabcina, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya leƙo ya yanke hukunci: "Malam, ringi ne. Sai dai a sauke inji."

Ringi na da hannu, amma ba shi ne mai laifin ba. Ko a lafiyayyen inji, wani ɗan hayaƙi yana kuɓucewa ta gefen ringin fistin ya gangara ɗakin baƙin mai. A da bututu ake sa wa ya furzar da shi kan titi, sai a farkon shekarun 1960 aka fara mayar da shi cikin inji a Amurka don ya ƙone. Mai gadin wannan hanya shi ne bawul ɗin PCV, ɗan abu mai sifirin da ƙaramin tsinke a ciki, a cuse cikin zoben roba a kan murfin saman inji, da tiyo da ya tafi manifol ɗin shan iska. In ya toshe, injin ya zama kamar mai kumburin ciki da ya kasa gyatsa, matsin ya nemi mafita ta gasket da sil da ramin sandar awo. In kuma ya maƙale a buɗe, iska ce ke shiga ba lissafi: silo ya riƙa rawa, mai ya riƙa ƙarewa, salansa ta yi shuɗin hayaƙi.

Gwajin ba wuya. Inji na silo, ka zare bawul ɗin da tiyonsa a jiki, ka toshe bakinsa da yatsa. Lafiyayye zai tsotse yatsan. Ka kashe inji ka girgiza shi, ya kamata ya yi kwaras-kwaras. Amma ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, don sifirin da ya mutu ma yana ƙara.

Nawa dai ko gwajin bai bari an kai ba. Na ɗumama injin don zoben ya yi laushi, na kama bawul ɗin da filaya ina murzawa a hankali, sai ji na yi ƙas! Rabi a bakin filaya, rabi a rami. Zafin shekaru ya gasa robar jikin bawul ɗin har ta zama busasshiya. Na kai yatsa zan kamo guntun, ya yi mini sallama ya sulale ciki.

Maƙwabci ya ruga gida ya dawo da maganaɗisu mai dogon hannu, yana haki. Muka tsaya muna kallon juna, shi da maganaɗisunsa, ni da guntun roba.

A nan fa ba a tayar da inji, domin guntun na iya toshe ramin da mai ke komawa ƙasa. Yawancin murafe suna da faranti a ƙarƙashin ramin da ke tare abu, sai a haska tocila a zaƙulo shi da filaya mai tsinin baki. Nawa ya wuce nan. Dole na kwance murfin gaba ɗaya, wato an ƙara sayen sabon gasket ke nan. Na same shi ya kishingiɗa kusa da wani sifirin bawul, cikin baƙin kunun mai da shi da kansa ya jawo. Da na juya ɗaya rabin, tsinken ya daskare da dauɗa, ko motsi ba ya yi.

Ɗaurawa kuwa minti kaɗan ne. A sayi bawul da lambar injin, domin biyu na iya zama kamanni ɗaya amma ƙarfin sifirinsu daban. A sauya zoben roba tare da shi, a shafa masa ɗan mai, a fara zaunar da zoben sannan a danna bawul. Bawul mai zare kuma da hannu ake fara ɗaura shi, a ɗan ƙara da sifana, kada a ƙure. Nocinan murfi daga tsakiya ake ɗaurewa zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. A busa tiyon a ji ko iska na wucewa. Nawa ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, shi ma ya bi sahu. Sai sabon mai da matatarsa da matatar iska.

Na tayar, na cire murfin zuba mai na ɗora takarda a bakin ramin, injin ya ɗan tsotse ta ya riƙe. Maƙwabci ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara murya: "Ai dama na gaya maka, Malam, ba ringi ba ne."