Kuɗin fansho a hannun kaka

Na karanta rahotonku kan binciken Esther Duflo, masaniyar tattalin arziki 'yar Faransa da ta ci kyautar Nobel a 2019, amma kun tsallake abin da ya fi ɗaukar hankali. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Afirka ta Kudu ta ƙara wa tsofaffi baƙar fata kuɗin fansho, mace daga shekara 60, namiji daga 65. Duflo ta duba awon nauyi da tsayin ƙananan yaran gidajen. Inda kaka mace ce ke karɓa, jikoki mata sun yi ƙiba sun ƙara tsayi. Inda tsoho ne kuwa, babu wani canji a jikin yaran.

To, mu maza sai mu yi shiru, ba daɗin ji. Duk wanda ya tashi gaban kaka ya san abin da ke ƙulle a bakin zanenta a tukunya yake ƙarewa.

Abin da ya ɗaure mini kai, jikoki maza ba su wani amfana ba, alhali tukunya ɗaya ake ci. Don Allah ku nemo masani ya yi mana bayanin wannan.