Ku daina manna wa mota sunan da ba nata ba

Assalamu alaikum ƙannena masu harkar gareji da gwanjon motoci a nan Amurka, da ku na gida da kuke ganin hotunanmu kuna sha'awa.

Ranar Asabar na leƙa garejin wani yaronmu, na tarar da shi tsugune a bayan wata Dodge Challenger ƙirar 1970, yana manna mata tambarin R/T, wato alamar samfurin mai babban inji, da ya yi oda a intanet. Na zagaya na leƙa lambar shasi ta gilashin gaba, sai ga JH23G. Duk wanda ya ɗan daɗe a wannan sana'a ya san JH Challenger ce gama-gari, G ɗin nan na gurbi na biyar kuma ƙaramin injin 318 ne. R/T ta gaskiya da JS take farawa. Na ce masa, kai wannan fa? Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai masu saye ba sa dubawa."

Wai ba sa dubawa! Mutanen da za su kwanta ƙarƙashin mota da tocila da madubi suna karanta kwanan watan da aka zuba ƙarfen giyabos, su ne ba sa dubawa? Jaki ne ka ɗaura wa sirdin hawan sallah, kana jiran a kira shi doki.

Na san abin da ke ruɗar ku, kuɗi ne. Kun ji a 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen sama a gwanjon Mecum na Seattle kan dala miliyan 3.5, tun daga nan kowa ya ga ruɓaɓɓen bodi a bayan gida sai ya fara mafarki. To ba fenti aka saya a wannan kuɗin ba. An sayi shaidar cewa haka motar ta fito daga kamfani, da injinta da giyarta da takardunta. Kai kuma ka zo da tambarin dala hamsin kana son kutsawa sahu. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaron nan da ya ɗaga kujerar baya ya samu wata tsohuwar takarda a maƙale cikin sifirin, ta yi ja, ɓera ya ci gefenta, ya dunƙule ya jefa a kwandon shara. Takardar haɗa motar ce ta kamfanin Chrysler mai ƙera Dodge, wadda ma'aikata suka cusa a wurin ranar da ake haɗa ta. A cikinta akwai komai: injin, giya, aksul na baya, kalar fenti, irin kujeru, har rediyo. Shekara hamsin da ɗoriya tana kwance ba wanda ya taɓa ta, sai da ta faɗo hannun ɗan gaggawa. Wasu a ƙarƙashin kafet ake samunsu, na Chevrolet kuwa sau da yawa a saman tankin mai. Na tsamo ta daga shara na miƙar da ita, na ga ya ɓata fuska, don ya san takardar nan ita ce mai tona masa asiri. Haka ɗan farantin ƙarfen da ke kan fenda ta ɓangaren direba, wanda aka buga wa haruffan duk abin da aka sa wa motar. Na sha ganin yara sun cire shi za su yi fenti, sun ajiye a kan benci, ya bi 'yan gwangwan. Wasu kuwa da gangan suke ɓatar da shi.

Kuma ba Dodge kaɗai ba. Pontiac GTO ta 1964 da 1965 ƙarin kaya ne da kamfani yake yi wa motar LeMans, lambar shasi ba ta nunawa, shi ya sa 'yan algus suke sonta. Sun manta akwai Pontiac Historic Services, ka aika musu lamba su turo maka kwafin takardar kamfani. Daga 1966 zuwa 1971 ma ba sai an wahala ba, in lambar ba ta fara da 242 ba, ka kama bakinka. Mustang kuwa tun daga ƙirar 1967 akwai rahoton Marti, wanda aka ciro daga kundin Ford kansa, zai gaya wa mai saye ranar da aka haɗa motar da dilan da aka kai wa. Ka ce masa mai injin 428 Cobra Jet ce, ya duba harafi na biyar bai ga Q ko R ba, ina za ka sa fuskarka? Ramin ƙarya ƙurarre ne, samari.

Inda aka fi ɓarna shi ne Chevrolet, domin daga 1969 SS, wato Chevelle mai babban inji, ta koma ƙari kawai, lambar shasi ba ta faɗa. Har raha ake yi a wuraren baje kolin motoci cewa Chevelle LS6 da Camaro Z/28 da ke yawo yanzu sun fi waɗanda kamfanin ya ƙera yawa. A nan ne wasunku suka koyi mugun aiki: a samo bulok ɗin injin wata motar, a goge wurin lambar da ke gaban kan silinda na ɓangaren fasinja, a sayo ƙarafan buga lamba a buga sabuwa. Kana ganin kai ne gwani. Alhali na'urar kamfani tana barin wasu siraran layuka a wurin, masana da gilashin ƙara girma suke dubawa, gurin da aka goge kuwa sumul yake ko layukansa sun karkace. Sannan ga kwanan watan zubin ƙarfe a jikin bulok, wanda dole ya riga ranar haɗa motar. An haɗa mota a Janairu, injinta an zuba shi a Maris, kuma kana rantsuwa da Allah na asali ne? Kafireta tana da kwanan wata, alteneta tana da shi, lagireto da gilasai ma haka. Guda nawa za ka goge?

Ga rantsuwar nan ma da ta zama ruwan sha a bakinku. Wallahi, tallahi, a kan dala ɗari biyu. Ga TikTok, mutum bai iya saita kafireta ba amma ya iya saita kyamara, ya jingina da motar kwastoma yana cewa "tawa ce", yaran gida suna gani suna raina sana'ar iyayensu. Ga cin bashi don a sayi agogo. Wannan zancen wata rana ne.

Ba wanda ya hana ka gyara Challenger mai 318 ka sa mata babban inji da tambarin R/T don jin daɗinka. Turawan ma suna yi, kuma suna sayarwa da daraja, amma suna faɗa a fili cewa kwaikwayo ce. Faɗar ce ta gagare ku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. In wannan bai tsorata ka ba, to ka sani taɓa lambar shasi laifi ne a dokar tarayyar ƙasar nan, ɗaurinsa yana kaiwa shekara biyar, ballantana wanda takardun zamansa ba su gama nuna ba. Kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Ranar da aka kama ɗayanku, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi 'yan Afirkan nan.

Ku nutsu, ku yi tambaya, ku ji tsoron Allah. Abin da ka kwance ka adana shi, ko da ya yi tsatsa.

Ni a Panteka ta Kaduna na koyi aiki, zamanin da Peugeot 504 ke fitowa fil daga kamfanin PAN. Ogana, Allah ya jiƙansa, in kwastoma ya zo sai ya jera masa kaya uku a kan buhu: wannan na kamfani ne, wannan kwance ne, wannan ɗan Taiwan ne, ga kuɗin kowanne, zaɓi. Tsohon da aka cire kuma sai an sa masa a but ya tafi da abinsa. Kusoshin kowace mota a gwangwaninta daban, in ka haɗa na wata da na wata ranar ba ka da kuɗin abinci. Shekara biyu kana wanke sifana kafin a bar ka ka taɓa kan inji. Bai yi boko ba, amma daga Zariya da Kafanchan ake kawo masa mota, a ajiye makulli a tafi ba a ko ƙirga kayan ciki ba. Yanzu yaro ya yi wata uku a gareji ya buga kati ya sa wa kansa injiniya, in ka yi masa gyara ya ce kai tsohon yayi ne, har ya sa kai a waya yana dannawa kana magana.