A koya wa yaranmu sarrafa haruffa a Python da sunayenmu

Jiya da daddare wani ƙanena da ke koyon Python, wato harshen rubuta wa kwamfuta umarni, ya turo mini aikinsa: layi ashirin da wani abu, duk don ya cire sararin da ke gaba da bayan sunayen mutane a wata rajista. Yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, kamar mai tsintar shinkafa. Na ce masa, Ƙanena, goge duka ka rubuta strip, umarni ɗaya ne da ke cire sararin nan. Ya ɗan yi shiru, can ya ce wallahi malaminsu ya ambaci abin ne kawai ya wuce.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. A ajinmu ana ɗaukar jerin haruffa kamar darasin rana ɗaya, a nuna upper mai mayar da haruffa manya da lower mai mayar da su ƙanana, a tsallaka zuwa lissafi. Alhali duk wanda ya taɓa aiki na gaske ya san rabin wahalar tana wajen rubutu: sunaye, adireshi, lambobin waya da kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Kuma Python ya zo da kayan aikin a cikinsa, kyauta. Split yana yanka jimla kalma-kalma, join yana ɗinke ta, replace yana musanya, find yana nemo inda abu yake, in bai samu ba ya ba ka -1.

Sai dai ba na son a tsaya nan, domin kayan nan ba da Hausa a zuci aka ƙera su ba. Wasu suna yi mana adalci. Tun Python 3, wanda ya fito a 2008, rubutu ya koma kan Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi, don haka in ka sa upper a kan "ƙasa" za ka samu "ƘASA" daidai, ƙugiyarta na nan. Haka ɓ da ɗ, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Wannan abin farin ciki ne, wanda ya yi fama da tsohon Python ya san haka.

Amma ka gwada title, mai sa babban baƙi a farkon kowace kalma, a kan "isma'ila". Abin da zai fito "Isma'Ila". Rabi'atu ta koma "Rabi'Atu", Sa'idu ya koma "Sa'Idu". Dalili kuwa, title yana ɗaukar duk harafin da ya biyo bayan abin da ba harafi ba a matsayin farkon sabuwar kalma, shi kuma hamzar nan a wurinsa alama ce kawai, ba harafi ba. Ka juya ga capitalize, mai sa babban baƙi a farkon rubutu, ka ba shi kalmar "'yan", sai ya bar ta yadda take, don abin da ya tarar a farko alama ce, ba ta da babban baƙi. Isalpha ma, mai duba ko rubutu haruffa ne kawai, zai ce maka "jama'a" ba zallar haruffa ba ce. In da shi kake tantance suna a fom, ka kori Isma'ila tun daga bakin ƙofa, bai san laifinsa ba.

Wanda ya taɓa ƙona ni shi ne lstrip, mai cire abu daga farkon rubutu. Ina gyara sunayen wata makaranta, ina son cire "Malam " daga gaban suna. Na gwada da Malam Lawal, ya ba ni Lawal, na ce madalla. Da aka buga takardu sai ga "usa" a gurbin Musa, Mamman kuwa "n" kaɗai ya rage masa. Ashe lstrip ba kalma yake cirewa ba, duk harafin da ke cikin abin da ka ba shi yake ta ci daga hagu har sai ya haɗu da baƙo. Abin da ya dace da aikin shi ne removeprefix, wanda aka ƙara a Python 3.9 a 2020. Ranar nan na ji kunya ƙwarai, don sunan mutum ba abin wasa ba ne.

Ga kuma jerawa: tunda kwamfuta da lambar harafi take aiki, Ƙasimu yakan faɗa can bayan Zainab, ba kusa da Kabiru ba.

Don haka ina roƙon malamai masu koyar da wannan fanni a Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram: ku ba darasin nan mako guda cur. Ku kawo rajistar aji ta gaske, mai ɗauke da Sa'adatu da Ɗanladi da Ƙasimu, ku ce yara su gyara ta, kowa ya ga da idonsa inda title zai karya suna. Ƙanen nawa dai na tura masa sunaye goma irin waɗannan, na ce kada ya sake kira na sai ya fitar da Mamman da haruffansa shida.