Kirsimetin Baitalami da kwanon maƙwabciyarmu

Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓɓa suka fara tsagewa, mu da muka tashi a unguwannin Kaduna inda Musulmi da Kirista ke ɗibar ruwa a famfo ɗaya mun san cewa bikin Kirsimeti ya ƙarato. Ni Musulmi ne, ba bikina ba ne, amma tun ina yaro nake cin shinkafarsa, don haka ina ganin ina da bakin magana a kan tambayar da nake yawan ji daga abokaina Kiristoci a 'yan shekarun nan, wadda mu ma muke yi wa kanmu idan Sallah ta gabato: wane biki magidanci zai yi alhali buhun shinkafa ya fi ƙarfin albashinsa?

Amsar da ta fi ratsa ni ta fito ne daga Baitalami, garin da ke Yammacin Kogin Jordan, kimanin kilomita 10 kudu da Kudus, inda Kiristoci suka yi imani an haifi Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A watan Nuwamban 2023, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, shugabannin majami'un Kudus suka roƙi mabiyansu da su jingine shagulgula a wannan shekara, su mayar da hankali ga addu'a da taimakon waɗanda bala'in ya shafa. Ba a kafa ƙatuwar bishiyar Kirsimetin da aka saba kafawa a dandalin Baitalami ba, ba a rataya fitilu ba. Haka aka sake yi a 2024, har 'yan sikawut da suka saba cika titi da ganguna suka yi jerin gwanonsu shiru.

Kada a ɗauka wannan shawara ta zo musu da sauƙi. Baitalami gari ne da ke ci da baƙi. Masu otal, da direbobi, da masassaƙan da suka gaji sana'ar sassaƙa itacen zaitun daga kakanninsu, duk watan Disamba suke jira kamar yadda manomi ke jiran kaka, kuma kakar tasu doguwa ce, domin a garin sau uku ake bikin: wasu a ranar 25 ga Disamba, mabiya Otodoks a 7 ga Janairu, Armeniyawa kuma bayan tsakiyar Janairu. Wanda ya kashe fitila a irin wannan gari, tukunyarsa ya sauke daga kan wuta, kuma ya san hakan kafin ya kashe.

Abin da bai bar zuciyata ba shi ne abin da Fasto Munther Isaac ya yi a cocinsa ta Lutheran da ke Baitalami a Disamban 2023. A wurin da aka saba shirya siffar komin dabbobi da ado, sai aka tara ɓaraguzan gini, aka kwantar da siffar Annabi Isa yana jariri a kansu, an naɗe shi da ƙyallen nan mai baƙi da fari da Falasɗinawa ke yafawa. Mutanensa na da dalili. A ranar 19 ga Oktoba an kai hari ta sama da ya faɗa harabar cocin Porphyrius a Gaza, inda mutane suka fake, aka rasa rayuka, sannan a ranar 16 ga Disamba ofishin babban limamin Katolika na Kudus ya sanar da cewa sojan Isra'ila ya harbe wata uwa da 'yarta a harabar cocin Katolika ta Gaza. Duk da haka, ba a rufe ƙofar ibada a Baitalami ba. An taru, an yi addu'ar tsakar dare, an ambaci matattu.

A ganina, waɗannan mutane sun koma ga asalin labarin ne. Kiristoci na karanta cewa Maryamu ba ta sami wuri a masaukin baƙi ba, shi ya sa ta kwantar da ɗanta a komin dabbobi, kuma ba da daɗewa ba iyalin suka gudu zuwa Masar don tsira daga sarki Hirudus. Mu kuma a Suratu Maryam muna karanta yadda naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino ita kaɗai, har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana. Mun saɓa a kan abubuwa manya game da wannan haihuwa, kuma ba zan ɓoye hakan ba, amma babu ɓangaren da ya ce a cikin yalwa aka yi ta. Ke nan talakan da ya wayi gari ranar biki babu sabon ɗinki ba shi da abin jin kunya a gaban wannan labari.

Sai dai ina tsoron irin wa'azin da ke mayar da talauci abin ado. Yunwa ba ta da kyau, kuma mun ga abin da ta yi mana a Disamban 2024, watan da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. A mako guda aka yi turmutsutsu uku a wuraren rabon abinci da kyauta: a Ibadan inda yara 35 suka rasu, a Okija ta jihar Anambra, da kuma wata coci a Maitama, Abuja. Mutanen da suka fita tun asuba cikin sanyi don 'yar shinkafar da za su dafa wa 'ya'yansu ranar biki, gawarsu aka mayar gida. Ba na zargin niyyar masu rabon. Amma tsarin da ke tara mabuƙata dubbai a bakin ƙofa ɗaya ya kamata mu sake duba shi, mu Musulmi ma, domin haka muke yi da zakka da rabon azumi. Mai hali ya san gidajen da ba a hura wuta a layinsu, kuma zai iya aikawa bayan magariba ba tare da an yi layi ko an ɗauki hoto ba.

Wannan salon na koye shi ne daga wata maƙwabciyarmu, wadda muke kira Mama. Shekara da shekaru, ana gobe Kirsimeti takan aiko a kira yayana ya yanka mata kaji, don kada wani a gidanmu ya yi shakkar cin abincinta. Washegari da hantsi sai ga babban kwano mai murfi, shinkafa dafa-duka, cinyoyin kaza a sama, da cincin cike da wata roba. Mu kuma ranar Babbar Sallah cinyar rago ke tsallaka katanga zuwa gidanta.

Bara ba a kira yayana ba, sai muka fahimci babu kaza. Mahaifiyata ta ja mana kunne cewa kada wanda ya leƙa gidan, don kada mu sa ta jin nauyi. Amma da hantsi muka ji sallama. Ita ce da kanta, ta yafa zane biyu saboda sanyi, riƙe da ƙaramin kwano na shinkafa da wake, an yaryaɗa mai da yaji, da cincin ɗan kaɗan a ƙulle a leda. Ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, bana abin ya zo da haka." Mahaifiyata ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Haba Maman yara, ai kwanon muke jira, ba abin da ke ciki ba." Ta shimfiɗa mata tabarma a inda rana ta fara sauka a tsakar gida, suka zauna suna lissafa 'yan unguwar da suka rasu a cikin shekarar, da waɗanda suka koma ƙauye saboda kuɗin haya. Da za ta tafi, mahaifiyata ta wanke kwanon, ta zuba mata gyaɗa a ciki, domin a gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabci babu komai.