Amsa laifi bayan an tashi wasa ihu ne bayan hari

Jama'a masu bibiyar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ku zo mu yi maganar alƙalan wasa, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun farko bari in faɗi inda na tsaya. Ba na cikin masu cewa duk wasan da ƙungiyarsu ta faɗi sayar da shi aka yi. Alƙali ɗan Adam ne, ido biyu gare shi. Ƙarti goma ne a fili suna gudu suna bangazar juna, alƙalai uku kacal, kuma hukuncin cikin ƙiftawar ido ake yanke shi. Kuskure dole ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo baya: a fito a ce "e, mun yi kuskure", sannan kowa ya kama gabansa, wanda aka zalunta ya tafi gida da haƙuri.

Ku tuna daren 28 ga Janairun 2023 a Boston. Lakers da Celtics suna kunnen doki, 105 da 105, saura daƙiƙoƙi a tashi. LeBron James na Lakers ya kutsa zai zura ƙwallo, Jayson Tatum na Celtics ya doke shi a hannu. Duk wanda ke gaban talabijin ya gani, amma usur bai yi ƙara ba. LeBron ya yi ta tsalle, har ya durƙusa a ƙasa don takaici. Patrick Beverley ya karɓo kyamarar wani mai ɗaukar hoto ya kai wa alƙali Eric Lewis don ya gani da idonsa, sai aka ci shi da laifin rashin ɗa'a. Aka shiga ƙarin lokaci, Celtics suka ci 125 da 121. Bayan an tashi Lewis ya amsa cewa ƙeta ce kuma ba su busa ba, ƙungiyar alƙalan ma ta fitar da saƙon nuna damuwa. To, sai me? Nasara dai tana hannun Boston har gobe.

Na Detroit ya fi wannan ciwo, don a zagayen fidda gwani ne. Ranar 27 ga Afrilun 2025, Knicks suna gaban Pistons na Detroit da maki ɗaya, 94 da 93. Tim Hardaway Jr. na Pistons ya tashi jifan maki uku a daƙiƙar ƙarshe, Josh Hart na Knicks ya banke shi. Shiru. Da an busa, jifan kyauta uku zai samu, biyu kawai yake buƙata. Shugaban alƙalan ranar, David Guthrie, ya ce ya kamata a busa. Maimakon a koma biyu da biyu a yawan wasannin da kowa ya ci, Knicks suka wuce uku da ɗaya, daga baya suka fitar da Pistons. A lokacin, mutanen Detroit tun 2008 rabon da su ga ƙungiyarsu ta ci wasan fidda gwani a gida. Wace magana za ka faɗa musu ta sanyaya musu zuciya?

Tun 2015 hukumar NBA ke fitar da rahoto a kan minti biyun ƙarshe na duk wasan da aka yi kankankan, tana lissafa inda aka busa daidai da inda aka kauce. Da farko na ɗauka ci gaba ne, kuma ta wata fuskar ci gaban ne, don ba kowace gasa ke yarda ta tona wa kanta asiri ba. Amma rahoton ba ya sauya sakamako. Ƙungiya tana da damar shigar da ƙara, sai dai rabon da a karɓi irin wannan ƙara tun kakar 2007 zuwa 2008, lokacin da aka yi kuskuren lissafin laifukan Shaquille O'Neal a wasan Miami da Atlanta. A 2024 Knicks su ma sun kai ƙara bayan alƙalai sun amsa cewa ƙetar da aka ɗora wa Jalen Brunson a Houston ba ƙeta ba ce, aka yi watsi da ita. Hujjar hukumar ita ce kuskuren gani daban, karya doka daban.

Ga kuma damar ƙalubalantar hukunci da aka bai wa masu horarwa tun 2019. Tana amfani, amma idan usur bai yi ƙara ba, koci ba shi da abin ƙalubalanta. Wato irin zaluncin da aka yi wa LeBron da Hardaway, wanda shi ya fi yawa kuma ya fi zafi, shi ne aka bari ba magani. Alhali akwai cibiya guda a Secaucus da ke jihar New Jersey, cike da allunan kallo, tana ganin kowane wasa ta kowace kusurwa.

Wanda ya buɗe baki kuwa, shi ne mai biya. A Janairun 2024 Lakers suka samu jifan kyauta 23 a zangon ƙarshe kaɗai, Toronto Raptors suka samu 2, aka tashi 132 da 131. Gaskiya wasu daga ciki Toronto ce ta yi ƙetar da gangan don tsayar da agogo, amma ko an cire su tazarar ba ta hankali ba ce. Kocinsu Darko Rajakovic ya fito ya amayar da abin da ke ransa, aka ci shi tarar dala 25,000. Fred VanVleet ya biya dala 30,000 a 2023 saboda ya ambaci sunan alƙali. Tarar ɗan wasa a bainar jama'a ake shelanta ta, da suna da adadi. Hukuncin alƙali kuwa, in ma an yi, galibi a ɗaka ake yin sa. Ana tuna dakatar da Joey Crawford a 2007, bayan ya kori Tim Duncan don yana dariya a benci, saboda ba a saba ganin irinsa ba.

Ku lura, Lakers ɗin da aka cuta a Boston su ne suka ci moriya a kan Toronto. Shi ya sa nake roƙon magoya baya mu daina kuka sai ranar da abin ya faɗo kanmu kawai.

Maganar son kai fa? A ganina akwai shi, amma ba lallai sai da ambulan ba. Babban tauraro yana samun usur ɗin da sabon yaro ba ya samu, kuma ihun mutum dubu goma sha takwas a gida yana shiga kunnen alƙali ko ya so ko bai so ba. Masu zargin abin da ya wuce haka ma ba daga sama suka tsinto shi ba. A wasa na shida na zagayen fidda gwani tsakanin Lakers da Sacramento Kings a 2002, Lakers sun yi jifan kyauta 27 a zango na huɗu, Kings 9. Kobe Bryant na Lakers ya fasa wa Mike Bibby na Kings hanci da gwiwar hannu, ba a kama shi ba. A 2007 asirin alƙali Tim Donaghy ya tonu, cewa yana caca a kan wasanni, har da waɗanda shi ke busawa, aka ɗaure shi wata 15. Daga baya ya yi iƙirarin cewa an karkata wancan wasan na 2002 da gangan. Hukumar ta musanta, binciken da ta sa aka yi bai tabbatar da zargin ba, kuma maganar wanda kotu ta kama da laifi ba a haɗiye ta haka nan. Amma shekara 13 yana busa wasa, kuma ba NBA ce ta gano shi ba, hukumar FBI ce. Yanzu da kamfanonin caca suka zama abokan hulɗar gasar tun 2018, tallansu na yawo a tsakiyar wasa, da wane baki za a ce wa mai kallo ya daina zargi?

Mu da ke nan yankin, wasannin nan sai tsakar dare suke zuwa mana, mutum ya hana idonsa barci ya ƙona data, don ya ga an yi wasa an ci da gumi. Abin da nake nema bai fi ƙarfinsu ba. A bar koci ya ƙalubalanci ƙetar da ba a busa ba a minti biyun ƙarshe, ko cibiyar Secaucus ta tsayar da wasa da kanta idan abin a fili yake. Alƙalin da ya yi ta maimaita manyan kurakurai a sauke shi daga wasannin fidda gwani, kuma a sanar da sunansa kamar yadda ake sanar da na ɗan wasan da aka ci tara. Sannan shugaban alƙalai ya zauna gaban 'yan jarida bayan wasa ya amsa tambayoyi ido da ido, yadda ake tilasta wa kocin da aka doke ya zauna ya amsa nasa.